Yadda ake haɗa dalar jan ƙarfe mai kwancewa, da inda ake ajiye ta

Sana'ata gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Zariya, nan Maradi, don haka bututun jan ƙarfe abokin aikina ne. Wani alhaji da nake yi wa aiki ne ya fara nuna mini hoton abin a salularsa: sanduna takwas an haɗa su kamar dalar Masar, mutum zaune a tsakiya ido rufe. Ya ce, "Malam, ka yi mini irin wannan dalar." Na yi dariya, don mu nan dala sefa biyar ce, wannan kuwa jikkuna take ci. Na yi masa tasa, daga baya na yi wa kaina.

Masu sayar da ita a intanet suna cewa siffar dala tana tara wani ƙarfi, tana hana abinci lalacewa. Zancen tsoho ne. Tun 1959 wani injiniyan rediyo a Cekoslobakiya, Karel Drbal, ya yi rajistar ƙaramar dala da ya ce tana wasa reza. Bincike bai tabbatar da ko ɗaya ba. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa, kada kuma wani ya mai da ƙarfe laya. Ni abin da na samu a cikinta daban ne: gidanmu mutum goma sha ɗaya ne, ba ɗakin da za ka ce naka ne kai kaɗai. In na kafa ta bayan isha'i, yara sun san Baba ya shiga, ba mai zuwa neman kuɗin kashewa. Nan nake lazimi da lissafin rayuwa na minti ashirin.

Awon daga babbar dalar Giza ake ɗaukar shi. Gindinta kusan mita 230 ne kowane gefe, tsawonta na asali mita 146 da 'yan kai. In ka rage wannan zuwa girman ɗaki, sandunan ƙasa huɗu kowanne mita 2, masu tashi sama huɗu kowanne mita 1 da santimita 90. Ƙololuwar za ta tsaya wajen mita 1 da santimita 27. Babban mutum a zaune ya shiga sarai, amma ba a miƙewa tsaye, saboda haka ba wurin salla ba ne.

Wajen sayen bututu ne mutane ke faɗawa rami. Na naɗi, irin wanda muke sa wa na'urar sanyaya ɗaki, laushi gare shi, yaro ya jingina sau ɗaya ya lanƙwashe. Nemi miƙaƙƙe mai tauri na masu aikin famfo, mai kaurin milimita 14. Mita 16 ta isa, nauyin duka bai kai kilo 6 ba. Ka duba shagunan kayan gini, ka taya wuri biyu ko uku, don farashin jan ƙarfe ba ya kwana wuri ɗaya.

Dabarar da ta sa ake iya ajiye ta ita ce raba kowane sanda gida biyu. Ka samu guntaye 16, babu wanda ya wuce mita ɗaya. A tsakiya ka sa ɗan guntun bututu mai ɗan faɗi, ka liƙe shi da dalma a ɓari ɗaya, ɗaya ɓarin ka bar shi ana zurawa ana zarewa. Bakin kowane sanda ka daddale shi da guduma ya yi fale-fale, ka huda, ka goge kaifin da magagari, sannan ka ɗan lanƙwasa bakin masu tashi sama don su kwanta daidai. Kowace kusurwar ƙasa baki uku ne ke haɗuwa a kan noti ɗaya, a sama kuwa huɗu. Sayi noti mai kunnuwa wanda ake murɗawa da hannu, don ba ka son neman sufana cikin duhu in an ɗauke wuta.

Kuskuren da na yi da farko: ban sa alama ba. Guntun mita ɗaya da na santimita 95 ido ba ya raba su da dare, na haɗa ta ta fito a karkace kamar rumfar mai tsire bayan iska. Yanzu na ƙasa duk na ɗaura masu jan zare.

Kafawa minti biyar ce a kan tabarma. Masu abin suna cewa gefe ɗaya ya kalli arewa, ni gabas nake fuskanta. Da damina, in sauro ya yi yawa, sange nake yafa mata, kuma a nan ta biya kuɗinta, don ba sai na nemi ƙusa a bango ba.

Kada ka bar ta a tsakar gida cikin ranar watan Afrilu, za ta ƙona hannu. Kada ta kusanci wayar lantarki, kuma in hadari ya haɗo kada a gan ta a kan soro. Laimar damina tana sa ta yin baƙi, har da kore-kore. Lemun tsami da gishiri ko jiƙaƙƙiyar tsamiya suna fid da shi, ka ɗauraye ka shanya ta bushe ƙarau kafin ka ɗaure.

Uwargida ta ɗinka mini doguwar jaka da ƙafar tsohon wandona, da ƙaramin aljihu na notuna biyar. A ƙarƙashin gado take kwana, can ciki jikin bango. Ba don ƙurar hunturu kaɗai ba. Masu sayen tsohon ƙarfe na yawo da kura a unguwa suna biyan jan ƙarfe da tsada, yaran gidanmu kuma sun san haka. Guntu ɗaya na taɓa rasawa, har yau ba wanda ya amsa.