Yadda ake lissafa tsawon tafiyar jirgin sama tsakanin biranen ƙasashe maƙwabta

Kafin ka sayi tikiti, fara da nisan da ke tsakanin filayen jiragen biyu a miƙe, domin shi jirgi ke bi, ba nisan hanyar mota ba. Daga Kano zuwa Yamai, alal misali, kilomita 700 ne da 'yan kai. Idan alƙaluman da ka gani na milin jirgi ne (nautical mile, ba milin mota ba), ninka su da 1.852 ka samu kilomita.

Sai ka raba nisan da gudun jirgin. Jet yakan ci kilomita 800 zuwa 850 a awa ɗaya, mai farfela irin ATR 72 kuwa wajen 500. A nan mutane da yawa ke kuskure, su tsaya a kan amsar da suka samu. Jirgi ba ya kai cikakken gudunsa sai ya gama hawa sama, kuma tun da nisa yake fara rage gudu don sauka, ga tafiyar ƙasa daga wurin ajiye jirage zuwa titin tashi. Saboda haka ƙara minti 30. Kilomita 700 a jet ya zama awa ɗaya da minti 20, a mai farfela kusan awa biyu. Iska ma na da nata hannu, shi ya sa zuwa da dawowa sukan bambanta.

Abin da ya fi ruɗa matafiya shi ne agogo. Kowane lokaci da ke kan tikiti na garin da aka rubuta a gefensa ne. Najeriya, Nijar, Chadi, Kamaru da Benin agogonsu ɗaya, amma Burkina Faso, Mali, Togo da Ghana suna baya da awa ɗaya. Jirgin da ya bar Yamai ƙarfe 10 zai iya sauka Wagadugu ƙarfe 10 ɗin, alhali ya yi kusan awa guda a sama. A dawowa kuma sai ka ga tikiti ya nuna awa biyu. Idan akwai mai jiranka, gaya masa lokacin garinsa.

Duba da kyau ko jirgin kai tsaye zai tafi. Birane da dama na kusa da juna amma babu jirgin da ke haɗa su, sai an bi ta Lome ko Abijan. Tafiyar awa ɗaya da rabi sai ta cinye wuni. In canjin jirgi ya zama dole, sayi tikiti ɗaya na dukan tafiyar, ka bar tazarar awa biyu aƙalla. Mai tikiti biyu daban, idan jirgin farko ya makara, kamfani na biyu ba ruwansa, kuma da kansa zai ɗauki kayansa ya sake ba da su awo.

Daga nan haɗa da abin da tikiti bai faɗa ba: awa uku a filin jirgi kafin tashi, layin jami'an shige da fice, duba katin rigakafin shawara, jiran jaka, da shiga gari. Lokacin hunturu ka bar sarari, domin hazo kan hana jirgi sauka.

Idan nisan bai kai kilomita 300 ba, kwatanta da mota. Legas zuwa Kwatano bai fi kilomita 110 a miƙe ba, jirgi na tashi sai sauka, amma zaman filin jirgi kaɗai ya ninka tafiyar sau da yawa.