Yadda ake gano asalin kakanni a Jamus ta hanyar ma'ajiyoyin tarihi da ƙungiyoyin salsala

Yawancin masu fara neman asalinsu a Jamus a wuri guda suke ɓata watanni. Sai mutum ya rubuta sunan dangi a akwatin bincike, Müller ko Schmidt ko Wagner, ya zuba ido yana jiran kakansa ya fito. Ba zai fito ba. Jamus ba ta da wata babbar ma'ajiya guda da ta tattara sunan duk wanda aka haifa a ƙasar. Kafin 1871 ma ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce, masarautu ne da birane masu cin gashin kansu: Purushiya, Bayern, Württemberg, Sachsen, Baden, Hessen da sauransu, kowace da yadda take rubuta haihuwa da aure da mutuwa. Har gobe takardun suna inda aka rubuta su, ko a ma'ajiyar da ta gaji wurin. Don haka sunan ƙauye shi ne mabuɗin aikin gaba ɗaya, wanda kuwa bai same shi ba bai ma fara ba.

Mataki na farko: tatso sunan garin daga gida

Abu uku kake nema game da mutum ɗaya tak: cikakken sunansa, shekarar haihuwa ko aure, da ɗariƙarsa, wato Katolika ne ko Furotesta. Ka zazzage akwatin tsofaffin takardu. Duba fasfo, takardar aure, tambarin gidan waya a kan ambulan, har bayan hoto, domin masu ɗaukar hoto na da sukan buga sunan garinsu a can. Iyalan Jamusawa da dama suna da ɗan littafin da ake kira Familienstammbuch, wasu kuma suna riƙe da Ahnenpass na zamanin Nazi, wanda ya jera iyaye da kakanni da wuraren haihuwarsu.

Idan aka ce maka "ɗan Hannover ne" ko "daga Baden ya fito", kada ka yi saurin murna. Sau da yawa ƙasar ake nufi, ba birnin ba. Haka wanda ya ce Hamburg ko Bremen, galibi tashar da ya hau jirgin ruwa yake faɗa. Jerin fasinjojin Hamburg na 1850 zuwa 1934 yana nan, kuma yana ɗauke da garin da matafiyi ya baro; ana duba shi a shafin intanet na Ancestry, da kuɗi. Na Bremen akasarinsa ya salwanta, abin da ya tsira na 1920 zuwa 1939 ƙungiyar Die Maus ta kwafe shi ta sa a intanet kyauta. Wanda kakansa ya zo Kamaru ko Togo lokacin mulkin Jamus, takardun ofishin mulkin mallaka suna Bundesarchiv, ma'ajiyar tarihi ta tarayyar Jamus, a unguwar Lichterfelde ta Balin, ƙarƙashin lamba R 1001. Shi ma dai garin haihuwa zai nema a ciki, sannan ya biyo layin kowa.

Mataki na biyu: gane wane gari ne, kuma a ƙarƙashin wa yake

Nan ne ake faɗuwa, nan kuma ya kamata ka zauna ka daɗe. Samun sunan gari rabin aiki ne. Garuruwa masu suna Neustadt sun fi a ƙirga da yatsu: akwai na Weinstraße, akwai na Holstein, akwai na bakin kogin Aisch. Mutum sai ya ɗauki wanda ya fara fitowa a taswirar wayarsa, ya sami wani Johann Müller a can, ya hau gina salsalar ƙarni biyu a kan mutanen da ba su haɗa komai da shi ba.

Kada ka buɗe taswirar zamani tukuna. Ka je shafin Meyers Gazetteer, kyauta ne. An gina shi a kan kundin garuruwan Daular Jamus da aka buga a 1912 zuwa 1913, lokacin da iyakokin ƙasar suka haɗa da yankunan da yanzu suke hannun wasu. Idan ka buɗe bayanin ƙauye za ka ga layi mai cike da gajerun haruffa, kuma huɗu daga cikinsu ne abin nemanka. Kr yana nufin Kreis, gundumar da ƙauyen yake. StdA shi ne Standesamt, ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa. AG kotun yankin ce, inda takardun gado da na filaye suke. Sai ev. Pfk ko kath. Pfk, alamar cewa a cikin ƙauyen akwai babban cocin Furotesta ko na Katolika. Ka kwafe waɗannan a takarda kafin ka motsa.

In ba ka ga Pfk ba, ƙauyen ba shi da cocin kansa, mutanensa wani gari suke kai jarirai baftisma, kuma littafin yana ɗauke da sunan wancan garin ne. Mutane da yawa a nan suke yanke ƙauna, su ce an ƙone takardun a yaƙi, alhali littafin yana nan lafiya lau da sunan garin da ke bayan tudu. Shafin na Meyers yana da sashen da ke jera coci-cocin da ke kusa tare da nisansu. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ka tabbatar a GOV, kundin tarihin garuruwa na ƙungiyar Verein für Computergenealogie, wanda ke nuna ƙauye yana ƙarƙashin wane coci da wace gunduma, daga wace shekara zuwa wace. Wannan bayanin shekarun yana da nauyi, domin ƙauye ɗaya kan iya sauya coci sau biyu cikin ƙarni guda.

Ɗariƙa ma tana karkatar da hanya. Iyalin Katolika a yankin da Furotesta suka fi yawa suna iya kasancewa a littafin wani coci mai nisa, ko kuma faston garin ya rubuta su a nasa littafin. Sojoji sukan kasance da littafin barikinsu daban. Yahudawa kuma rajistarsu daban take.

Sai batun iyaka. Bayan 1945 Breslau ta zama Wrocław, Stettin ta zama Szczecin, Danzig ta zama Gdańsk, duk a Polan, Königsberg kuma ta koma Kaliningrad a Rasha. Alsace ta kasance hannun Jamus daga 1871 zuwa 1918, takardunta suna ma'ajiyoyin Faransa. Ga yankunan gabas, shafin Kartenmeister zai ba ka tsohon suna da sabo. Takardun kansu sun rabu: wasu suna ma'ajiyoyin gwamnatin Polan, ana dubawa kyauta a shafin Szukaj w Archiwach, wasu littattafan Furotesta da aka gudo da su suna Evangelisches Zentralarchiv a Balin, wasu na rajistar gwamnati kuma suna Landesarchiv Berlin. Sai ka leƙa duka ukun kafin ka ce babu.

Mataki na uku: shekara ce ke zaɓa maka ƙofa

Rajistar gwamnati ta fara a Purushiya ranar 1 ga Oktoba 1874, a ɗaukacin daular kuma ranar 1 ga Janairu 1876. Yammacin kogin Rhein ya riga kowa, tun ƙarshen shekarun 1790 lokacin mamayar Faransa. Abin da ya faru bayan waɗannan ranaku ka nema a Standesamt, abin da ya gabace su kuma a littafin coci.

Dokar da ta fara aiki a 2009 ta sa wa'adi: haihuwa shekara 110, aure 80, mutuwa 30. Da wa'adin ya cika sai littafin ya bar Standesamt ya koma ma'ajiyar gari ko ta jiha, kowa ya iya gani. Kafin ya cika, sai ka nuna hujjar cewa kai ɗa ne ko jika. Masu farawa sukan aika wasiƙa Standesamt suna neman haihuwar 1890, a yi sati huɗu a ce musu littafin ya bar wurin. Ka yi lissafin shekarun da kanka tun farko.

Idan za ka nema, kada ka karɓi takardar shaida da aka buga sabuwa. Ka ce kana son hoton ainihin shafin rajista tare da Randvermerke, wato rubuce-rubucen gefe. A gefen shafin haihuwa magatakarda yakan dawo bayan shekaru ya ƙara ɗan layi: ya yi aure a gari kaza, ya rasu a gari kaza, ga lambar rajista. Wannan layin kaɗai yakan buɗe ƙofar da ka yi shekara kana bugawa. Kuma ka fara da takardar aure, ita ta fi kowace kawo kaya, domin tana ambaton ango da amarya da wuraren haihuwarsu a wuri guda.

Mataki na huɗu: littattafan coci

Na Furotesta akasari suna shafin intanet na Archion, ana biya. Na Katolika da yawa suna shafin Matricula, kyauta, kamar na Münster da Paderborn da Passau da Osnabrück. Shafin FamilySearch ma kyauta ne, rajista kawai za ka yi. Kada ka biya Archion sai ka fara duba jerin garuruwansa, wanda ba ya buƙatar ko sisi, ka tabbatar an ɗora littafin cocinka. Sannan ka tara duk abin da kake nema ka biya kuɗin wata ɗaya ka yi aikin a jere, domin ana ƙayyade yawan hotunan da za ka sauke.

Rubutun hannun da ke cikin littattafan shi ne Kurrent, tsohon rubutun Jamusawa, kuma ba makawa sai ka koye shi. Harafin e yana kama da n, ana sa wa u ɗan baka a samansa don a bambanta shi da n, h tana da madauki sama da ƙasa, s kuma iri biyu ce, doguwa a tsakiyar kalma, nannaɗaɗɗiya a ƙarshe. Ka buga jadawalin haruffan ka ajiye kusa da kwamfuta, ka fara da littafin 1860 ka riƙa ja baya. Limaman Katolika da Latin suke rubutu, Johann sai ya zama Joannes. In ka ga 7ber, Satumba ake nufi, ba Yuli ba; 8ber Oktoba, 9ber Nuwamba, Xber Disamba.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne maimaita suna. Gida ɗaya kan iya samun 'ya'ya maza uku duk Johann, suna na biyu ne ake kiran kowa da shi. Yaro in ya rasu sai a mayar wa ƙaninsa sunan. Saboda haka duk baftismar da ka samu, ka juya littafin jana'iza ka tabbatar yaron ya rayu, ka kuma kwafe sunayen waɗanda suka tsaya masa a baftisma, don galibi baffanni ne da gwaggwanni. A Westfalen mutum yakan ɗauki sunan gonar da ya aura a cikinta, za ka ga kalmar genannt, wato "wanda ake kira", tsakanin sunaye biyu. Idan ka kai 1650 littafin ya yanke, Yaƙin Shekara Talatin na 1618 zuwa 1648 ne ya ci na baya a wurare da dama.

Mataki na biyar: shiga ƙungiyar yankin

Da ɗan gari akan ci gari. Kowane yanki yana da ƙungiyar masu binciken salsala, kuma su suka san littafin da ya ɓace da wanda aka yi wa kwafi na biyu. Yankin Rhein yana da Westdeutsche Gesellschaft für Familienkunde a Kolon, tun 1913. Bayern tana da Bayerischer Landesverein für Familienkunde a Munik. Pommern akwai Pommerscher Greif, gabashi da yammacin Purushiya akwai VFFOW, sauran tsofaffin yankunan gabas kuma AGoFF. Jerin sauran yana wajen uwar ƙungiyoyin, DAGV. Ka shiga guda ɗaya tak, ta yankin ƙauyenka. Shiga uku a lokaci guda asarar kuɗi ce.

Tambayarka ta farko gare su ita ce ko ƙauyen yana da Ortsfamilienbuch, littafin da wani ya zauna ya haɗa dukkan iyalan gari daga littattafan coci. Da yawa suna shafin Verein für Computergenealogie kyauta. Yana rage aikin shekara zuwa na yini, amma mutum ne ya kwafa, don haka kowace ranar da ka ɗauka ka koma ainihin littafin ka gani da idonka.

Wasiƙa zuwa ma'ajiya ta zama da Jamusanci, gajeriya, tambaya ɗaya: suna, rana, ɗariƙa, ƙauye, da irin takardar da kake so. Ma'aikatan ba za su haɗa maka salsala ba, kuma lokacin da suka ɓata wajen nema ake cajinka. Ka nemi su faɗa maka kuɗin kafin su fara. Galibi ta banki ake biya da Yuro, wani lokaci kuɗin turawa daga Afirka ya fi na takardar, don haka gara ka nemi wani naka a Turai ya biya. In ba ka san ma'ajiyar da ke riƙe da abin ba, shafin Archivportal-D zai nuna maka.

Takardun soja kada ka ɗora rai a kansu in kakan ɗan Purushiya ne, ma'ajiyarsu ta Potsdam ta ƙone a Afrilun 1945. Na Bayern suna nan a Munik, na Württemberg a Stuttgart. Ƙidayar jama'a mai ɗauke da sunaye ba ta da yawa, amma Mecklenburg-Schwerin tana da ta 1819 da 1867 da 1900. A Württemberg kuma ka tambayi Familienregister, wanda aka fara a 1808: shafi ɗaya ne ke ɗauke da miji da mata, iyayen kowannensu, da 'ya'yansu a jere.