Daga sabar wasan intanet zuwa manhajar sa ido kan kuɗi: yadda injiniya zai yi ƙaurar

Injiniyan da ya daɗe yana kula da sabar wasa, wato babbar kwamfutar da wasan ke gudana a kanta, inda dubban 'yan wasa ke saye da musayar kaya a lokaci guda, ya riga ya san rabin aikin sa ido kan hada-hadar kuɗi. Kantin cikin wasa ƙaramin banki ne, har da ɓarayinsa. A Oktoban 2019 kamfanin Valve ya hana cinikin sabbin mabuɗan akwatunan wasan CS:GO tsakanin 'yan wasa, bayan ya gano 'yan damfara na halasta kuɗin haram da su. Sauran rabin aikin shi ne iya kawo hujja bayan shekaru, kuma a nan ne mutanen wasa suka fi yin tuntuɓe.

Fara da lamba. Kada ka ajiye kuɗi a float, wato nau'in lamba mai ɗigo, domin kwamfuta na haɗa 0.1 da 0.2 ta ba ka 0.30000000000000004. Ajiye shi a cikakkiyar lamba ta mafi ƙanƙantar kuɗin: naira 2,500 ta zama kobo 250000. Ka duba jadawalin kuɗaɗen duniya na ISO 4217 kafin ka ninka komai da ɗari, don sefa da yen ba su da ƙaramin kaso, dinarin Kuwait kuwa kashi dubu ake raba shi.

Sai littafin lissafi. Kowane ciniki layi biyu ne, a cire nan a zuba can, jimlarsu sifili. Ba a goge layi, ba a gyara shi. In an yi kuskure sai a rubuta sabon layi da ke warware na farko. Abin da ke cikin asusu daga layukan ake lissafa shi. Wanda ka ajiye a ma'ajiyar wucin gadi irin Redis don sauri kwafe ne kawai.

Matsalar ninka kaya da ka sani a wasa, inda takobi ɗaya ke zama biyu, ita ce dai ke sa a cire wa mutum kuɗi sau biyu. Waya ta aika buƙata, saba ta aiwatar, amsa ta ɓace a hanya, waya ta sake aikawa. Maganin shi ne kowace buƙata ta zo da lambar shaida tata, a sa wa lambar sharaɗin kada ta maimaitu a rumbun bayanai irin PostgreSQL, a rubuta ta tare da layukan cinikin a zama ɗaya. In ka raba su, ranar da saba ta mutu a tsakani za ka samu lamba babu ciniki, ko ciniki babu lamba. Haka nan saƙon Kafka, manhajar da ke isar da saƙo tsakanin sabobi, ka ɗauka zai iya zuwa sau biyu.

A wasa, in ƙunshin bayanai na UDP ya ɓace a hanya ba wanda zai tambaya, na gaba na tafe. A nan kuwa ƙa'idar FATF, hukumar yaƙi da halasta kuɗin haram ta duniya da aka kafa a 1989, ta ce a adana bayanan ciniki aƙalla shekara biyar. Saboda haka duk hukuncin da manhajarka ta yanke, ajiye shi da lokaci a agogon duniya na UTC, da sigar dokar da ta yi aiki a ranar, da sigar jerin sunayen masu takunkumi da aka duba, da ma'aikacin da ya sa hannu. Mai bincike zai zo bayan shekara uku ya ce me ya sa kuɗin nan ya wuce. "Mun canza manhajar tun tuni" ba amsa ba ce.

Tantance suna ya fi komai cin rai. Ana gwada sunan abokin ciniki da jerin waɗanda aka sanya wa takunkumi, na ofishin OFAC na Baitulmalin Amurka da na Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. To amma Muhammad, Mohammed, Muhammadu da Mahamadou duk mutum ɗaya ne, gwargwadon wanda ya cike masa takarda a Kano ko Maraɗi. Mayar da haruffa su zama ƙanana, mayar da ɗ da ƙ da ɓ zuwa d da k da b, jera sassan sunan ba tare da kula da wanda ya zo farko ba, sannan ka auna kamanni da Jaro-Winkler, lissafin da ke nuna kusancin rubutun suna biyu. Ka sassauta ma'aunin, masu dubawa su nutse cikin ƙararrawar ƙarya har su fara rufewa ba karatu. Ka tsananta, wanda ake nema ya wuce. Ranar haihuwa da ƙasa su ne ke raba gardama.

Akwai kuma iyakar da doka ta sa. A Amurka tsabar kuɗi sama da dala 10,000 sai an kai rahoto. A Najeriya dokar 2022 ta sa naira miliyan 5 ga mutum, miliyan 10 ga kamfani. Mai wayo sai ya gutsura, miliyan 4.9 yau, wata gobe, wata ta asusun ƙaninsa. Ka riƙa tara cinikin kwanakin baya a jere maimakon na ranar kalanda ɗaya, ka haɗa asusun da BVN ko waya ɗaya ta haɗa, kamar yadda kake kama ɗan maguɗi mai asusu goma. Bambanci ɗaya: ɗan wasa ana gaya masa dalilin korarsa, a nan kuwa tsegunta wa mutum cewa an kai rahotonsa laifi ne. Ka bi saƙonnin kuskure ɗaya bayan ɗaya, kada wani ya tona.

Don neman aikin, gina ƙaramin littafin lissafi, sauko da jerin OFAC, wanda kyauta ne, ka gwada shi da sunayen da ka ƙirƙira. Kada bayanan mutane na gaske su shiga gwaji. Lambar katin banki kada ta faɗa cikin log, wato rubutun da saba ke ajiyewa na abin da ya gudana, lambobi ukun bayan kati kuwa ƙa'idar tsaron katin banki ta PCI DSS ta hana ajiye su bayan an amince da biya, ko da a ɓoye suke.