Ganyen shukar cikin ɗaki ya koma rawaya? Fara duba fitilar

Salamu alaikum 'yan uwa. Masu rainon barkono, tumatir ko na'ana'a a cikin ɗaki da fitilar LED mai ƙarfi, kar ku yi saurin zuba taki da zarar ganye ya canza launi. Ni ma na yi wannan kuskuren a nan Unguwar Rimi, barkonona ya ƙara lalacewa.

Ku duba inda abin ya fara. In ganyen sama ne, wanda ya fi kusa da fitila, ya yi fari-fari ko rawaya, gefensa na naɗewa, na ƙasa kuwa kore shar, to haske ne ya yi yawa. A ɗaga fitilar ta kai kamar santimita 45 zuwa 60 daga kan shukar, a riƙa kashe ta awa 8 kullum. LED ba ta cika zafi a hannu ba, shi ya sa take yaudarar mutum. Ganyen da ya ƙone ba zai dawo kore ba, sabon toho za ku sa wa ido.

In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, yawanci ƙarancin naitirojin ne, wato sinadarin abincin shuka da ake samu a taki, ko ruwa ya yi yawa a tukunya. In jijiyoyin tsofaffin ganyen kore ne, tsakaninsu rawaya, yawanci ƙarancin sinadarin magnesiyam ne: a narkar da ƙaramin cokali ɗaya na gishirin Epsom, wato gishiri mai ɗauke da magnesiyam, a lita 4 na ruwa, a ba shukar.

Bakin ganye ya bushe a watan Disamba ko Janairu kuwa, sau da yawa hunturun Kaduna ne kawai. A kawar da tukunyar daga bakin taga.