Yadda Ake Zana Bargon Ƙyallaye na Bazara a Ɗinka Shi

Bargon ƙyallaye, wanda ake kira kwilt a Amurka da Ingila, mayafi ne mai hawa uku: fuskar da aka harhaɗa da yankakkun yadi, da abin da ake sakawa a tsakiya, da shafin baya, sannan a bi su duka da ɗinki domin su zama abu guda. An fi saninsa da maganin sanyi, amma akwai na lokacin zafi, wanda ake rage masa ciki ko a bar shi babu ciki sam, kamar kanta da matan Bangaladesh da Bengal ta Indiya suke yi da tsofaffin zannuwansu. Irin wannan marar nauyi za a bayyana a nan, mai faɗin inci 60 da tsawon inci 72. Aikin ba ya buƙatar gwaninta ta musamman a kan keke, amma yana buƙatar awo na gaskiya, domin yawancin barguna da suka fito a karkace tun wajen yanka suka lalace.

Za a fara da takarda da fensir. A zana gidaje goma a kwance da goma sha biyu a tsaye, wato gida 120, kowane gida yana wakiltar ƙyalle mai kusurwa huɗu na inci 6. Kafin a shafa launi ko ɗaya, ya kamata mai ɗinki ya tsayar da abu guda da yake son bargon ya nuna game da bazara, saboda wanda ya cusa rana da mangwaro da kankana da tulu da mafici a fuska ɗaya zai ƙare da hayaniya. Misalin da za a bi shi ne ƙarshen bazara, lokacin da rana take da ƙarfi amma hadari ya fara haɗowa daga gabas. Layuka bakwai na sama su zama sararin samaniya, shuɗi mai haske a hagu yana ƙara duhu zuwa dama. Layuka biyu na ƙasansu su zama ruwan ƙasa, ukun ƙarshe kuma kore, mai haske da mai duhu a cakuɗe, kamar ganyen darbejiya da sabuwar ciyawa. Ita rana a ba ta gida huɗu a kwance da huɗu a tsaye a cikin sararin, a ɗan karkatar da ita hagu maimakon a dasa ta a tsakiya, sannan a raba gidajen kusurwoyinta huɗu biyu a karkace, rabi rawaya rabi shuɗi, yadda za ta yi kama da da'ira ba tare da an yi ɗinkin lanƙwasa ba. Idan an gama, a ƙirga gidajen kowane launi a rubuta a gefen takardar.

Wajen zaɓen yadi, auduga zalla ta fi, kuma ya kamata kaurin yadukan ya yi kusa da juna. Ragowar atamfa da ake samu a shagon tela ta dace ƙwarai, musamman mai ƙananan zane, don mai manyan furanni takan rasa kamanninta idan aka yanka ta inci shida. Shadda tana da kyau a ido amma tana santsi a ƙarƙashin allura, leshi da yadin roba kuwa a bar su. Wanda zai saya sabo ya lissafa haka: yadi ɗaya mai faɗin inci 44 yana ba da ƙyallaye 30, saboda haka fuskar tana cin yadi huɗu, a sayi biyar domin kuskure. Shafin baya yadi huɗu ne, bakin da za a kewaye bargon da shi kuma kashi biyu cikin uku na yadi ya isa. Dole a wanke kowane launi daban kafin a yanka, saboda auduga tana tsukewa a wankin farko kuma wani rinin yana zuba. Wanda ya samo shuɗin baba irin na marinar Ƙofar Mata a Kano domin hadarin ya yi dace da launi, sai dai ya ci gaba da ɗauraye shi har ruwan ya fito fari, in ba haka ba ranar tasa za ta koma kore a wankin farko. Akwai wata dabara mai amfani a nan: a jera yadukan a ɗauki hotonsu da waya a mayar da shi baƙi da fari. Idan rawayar da shuɗin suka fito da duhu iri ɗaya a hoton, to ranar ba za ta fito daga nesa ba, sai a canza ɗayansu.

Yanzu sai yanka, kuma nan ne ya kamata a fi ɓata lokaci. A goge yadin sumul, a yanko kwali mai tauri na inci 6½ a kowane gefe, a tabbatar kusurwoyinsa sun miƙe daidai, a riƙa ɗora shi bisa tsawon zaren yadin ana zagayewa da fensir mai tsini. Allin tela yana da kauri, kuma kaurin layinsa kaɗai yana iya ƙara wa ƙyalle abin da zai hana shi haɗuwa da ɗan'uwansa. Ƙarin rabin incin shi ne rabon ɗinki, rubu'in inci a kowane gefe. Idan kowane ɗinki ya kauce da kashi ɗaya cikin takwas na inci, layi mai ɗinki tara zai iya bambanta da na kusa da shi da fiye da inci ɗaya, kuma babu gugar da za ta gyara wannan. Domin kusurwoyin rana, a yanka rawaya biyu da shuɗi biyu masu inci 6⅞, a kifa rawaya a kan shuɗi fuska da fuska, a ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa, a yi ɗinki rubu'in inci a kowane gefen layin, sannan a yanka a kan layin. Kowane haɗi zai ba da gida biyu masu launi biyu.

Kafin a hau keke, a shimfiɗa ƙyallayen duka a ƙasa bisa tsarin takardar, a ja da baya a duba, a sauya wurin duk wanda ya tsaya wa ido. Daga nan a tattara kowane layi daban a maƙala masa lamba. Keken ƙafa na gida, Butterfly ko Singer, ya wadatar, da allura lamba 14 da zaren auduga mai ruwan toka, wanda yake ɓacewa a cikin kowane launi. A auna rubu'in inci daga allura a manna salatif a kan farantin keken ya zama jagora. A haɗa ƙyallayen layi ɗaya bayan ɗaya, a kwantar da rabon ɗinkin layi na farko zuwa dama da dutsen guga, na biyu zuwa hagu, haka har ƙarshe, domin idan aka zo haɗa layukan gaɓoɓin su shige juna su zauna daram. Wajen guga a riƙa dannawa ana ɗagawa, kada a ja dutsen, saboda ja yana miƙar da yadi. A soka fil a kowace gaɓa kafin a haɗa layi da layi.

Abin da za a saka a ciki shi ne ya raba bargon bazara da na hunturu. Audugar roba da ake cusa wa filo tana riƙe zafi, ba ta da wuri a nan. Tsohon zanen gado na auduga wanda ya sha wanki ya yi laushi ya fi komai dacewa, kuma wanda yake zaune inda zafi ya tsananta, kamar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, yana iya haɗa fuska da baya kawai. A raba yadin baya biyu a haɗa su gefe da gefe, yadda ɗinkin haɗin zai ratsa bargon a kwance, a shimfiɗa shi fuskarsa tana kallon ƙasa, a ɗora na ciki, a ɗora fuskar a sama, a bar na ƙasan su zarce ta da inci huɗu ta kowane gefe. A lallashe tattarar da hannu daga tsakiya zuwa baki, sannan a kama hawa ukun da manyan ɗinki na wucin gadi, tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi.

Ɗinkin da zai riƙe bargon ana fara shi daga tsakiya a nufi baki. A ganina na hannu ya fi kyau a wannan zane, da zare mai ɗan kauri ana soka allura sama da ƙasa a jere: da'irori masu faɗaɗa a kewayen rana, layuka a karkace a cikin hadarin kamar saukar ruwa, da layuka a kwance a ƙasa, tazararsu kada ta wuce inci uku. Mai son keke ya tsawaita ɗinkin zuwa milimita 3 ya kuma sassauta dannin ƙafar nan da take danne yadi a ƙarƙashin allura, domin keken gida yakan ja hawan ƙasa gaba ya bar na sama a baya, sai tattara ta taru a ƙarshen layi.

Idan an gama, a warware ɗinkin wucin gadi, a datse gefuna su daidaita. A yanka tsiri bakwai masu faɗin inci 2½, a haɗa su su zama guda mai tsawo, a ninka shi biyu a tsawonsa a goge. A ɗinka ɗanyen bakinsa a gefen fuskar bargon da rubu'in inci, kuma idan an kusa kusurwa a tsaya saura rubu'in inci, a ɗaga tsirin sama, a sauko da shi bisa gefe na gaba, yadda kusurwar za ta naɗu a karkace. A juya ninkin zuwa baya a kalmashe shi da ƙananan ɗinkin hannu. A wanke bargon da ruwan sanyi da sabulu marar ƙarfi, a shanya shi a inuwa bayansa yana sama, saboda rana tana kashe rawaya da shuɗi da wuri.