An ɗauke ka jami'a a Amurka? Kurakuran ajin ƙarshe da ke iya ƙwace maka gurbin

Ranar da takardar karɓa ta iso wa ɗan ƙanwata a unguwar Bronx ta birnin Niyok, uwarsa ta manna ta a ƙofar firji, aka yi ta kiran dangi ana barka da arziki. Watan Disamba ne. Daga nan yaro ya miƙe ƙafa. Da na tambaye shi labarin darasin lissafin da yake yawan kuka da shi, sai ya ce, "Kawu, ai an riga an ɗauke ni." A watan Yuli saƙo ya shigo masa ta imel: jami'ar ta ga sakamakonsa na ƙarshe, tana son bayani a rubuce kan D ɗin da ya ci a lissafi kafin ta yanke shawara. Ranar ko abinci bai iya ci ba.

Babban kuskuren ke nan, kuma daga shi sauran suke tsirowa: ɗaukar takardar karɓa a matsayin magana ta ƙare. A Amurka ɗalibi yana cike takardun neman jami'a tun yana tsakiyar aji 12, wato ajin ƙarshe na sakandare, galibi daga Nuwamba zuwa Janairu, don haka sakamakon da aka duba aka ɗauke shi bai cika ba. Jami'o'in da ke amfani da Common App, wato shafin da ake neman jami'o'i da yawa da takarda ɗaya, suna karɓar rahoton tsakiyar shekara daga makarantar, sannan rahoton ƙarshe bayan an gama. Kusan kowace takardar karɓa tana ɗauke da sharaɗin cewa sai ka kammala shekarar da irin ƙoƙarin da aka san ka da shi. Wannan layin yakan zo can ƙasa, inda murna ba ta barin ido ya kai. Gyaran mai sauƙi ne: a zauna, ɗa da iyaye, a karanta sharuɗɗan layi-layi, a rubuta ranakun da aka gindaya.

Ba kowane zamewa ne ke jawo matsala ba. Wanda ya sauko daga A zuwa B, da wuya kowa ya ce masa uffan. Inda ido ke tsayawa shi ne D ko F, ko kuma a ga maki ya zube a darussa da yawa lokaci guda. Abin da kan biyo baya hawa-hawa ne: wasiƙar neman bayani, ko a karɓe ka bisa gwaji a zangon farko, ko tallafin karatun da aka ba ka don ƙwazo ya tafi, ko a janye gurbin ɗungurungum. Na ƙarshen ba kasafai yake faruwa ba, amma yana faruwa. A Yulin 2017 Jami'ar Kalifoniya reshen Irvine ta janye gurbin ɗalibai kusan 500, saura wata biyu a fara karatu. Wasu saboda maki, da yawa kuma don kawai takardar sakamakonsu ba ta isa kan lokaci ba. Da surutu ya yi yawa jami'ar ta ba da haƙuri ta mayar da mafi yawansu, amma waɗanda makinsu ya gaza sharaɗi ba su shiga wannan afuwar ba.

Wannan labarin ya nuna wani kuskure da ba na karatu ba ne: sakaci da takarda. Rassan Jami'ar Kalifoniya suna son sakamakon ƙarshe ya isa gare su zuwa 1 ga Yuli. Kada ka ce ai makaranta za ta tura. Ka je ofis da ƙafarka, ka kuma duba shafinka na jami'ar ka ga an nuna ta iso.

Wasu kuma wayo suke yi: darasi ya yi zafi, sai su ajiye shi su ɗauki mai sauƙi, ba tare da sun gaya wa kowa ba. To ai jerin darussan da ka rubuta a takardar nema yana cikin abin da aka duba aka ɗauke ka. Idan dole ne ka canza, tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai tukuna, kuma ka samu amsar a rubuce.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne shiru. Yaranmu sun taso da kunya, iyaye kuma da son rufin asiri, sai a bar maki yana lalacewa tun Fabrairu ana fatan ba za a lura ba. Za a lura. Ran wanka ba a ɓoyon cibi. Tun alamar farko ka je wurin malamin darasin ka tambayi abin da za a iya ramawa, ka kuma sa mai ba ɗalibai shawara na makarantar a cikin maganar, don shi ne ke tura rahoto kuma kalmarsa tana da nauyi. Sannan ka riga sakamakon isa jami'ar da taka wasiƙar. Gajera: ga abin da ya faru, ga abin da nake yi a kai. Idan rashin lafiya ne ko rasuwa ko aikin dare don taimaka wa gida, faɗa, ka haɗa da shaida. Idan lalaci ne, amsa laifinka. Ɗora wa malami laifi ba ya ciyar da kowa gaba, kuma ƙirƙiro uzuri ya fi D ɗin muni idan aka gano.

Masu nema daga Najeriya ko Gana, abin ya shafe ku kai tsaye, don amsar jami'a takan zo kafin ku zauna WAEC, sakamakon kuwa sai wajen Agusta ko bayan haka. Kamar dai wanda ya ci JAMB yana jiran sakamako ne: in babu kiredit a Turanci da lissafi, makin ba zai kai shi ko'ina ba. Ku sanar da jami'ar lokacin da sakamakon zai fito tun da wuri, kuma ko kun amsa tayinsu kafin 1 ga Mayu, ranar da galibin jami'o'in ke rufe karɓar amsa, kada ku yar da hanyar karatu ta gida sai komai ya tabbata.

Shi dai ɗan ƙanwata ya rubuta wasiƙarsa cikin sakin layi biyu, ya amsa cewa sakaci ne, ya yi alkawarin sake darasin. Bayan mako biyu aka ce ya zo, amma bisa gwaji, kuma lissafin nan da ya gudu shi ne darasinsa na farko ranar Litinin da safe.