Yadda ake shirya ziyarar matsirgar Gurara

Matsirgar Gurara tana jihar Neja, kusa da ƙauyen Bonu, a kan hanyar Suleja zuwa Minna. Ruwan yana faɗowa daga tsayin kimanin mita 30, faɗinsa kuma ya kai mita 200 idan kogin ya cika.

Da farko ka yanke shawarar abin da kake so, domin lokacin tafiya ya rataya ne a kansa. Idan kallo za ka je, je daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da ruwan yake ruri, feshinsa yana tashi kamar hayaƙi. Amma a wannan lokacin daga sama ake tsayawa, ba a sauka. Mai son taka duwatsu da jiƙa ƙafa, ko mai tafiya da yara, ya jira Janairu zuwa Maris. Ruwan ya janye, ya yi garau, an sami yashin shimfiɗa tabarma.

Kwana ɗaya kafin tafiya ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki. Tashi da sassafe, ka kuma sa a ranka cewa kana idar da la'asar za ka juya, kada magariba ta same ka a daji.

Kaya kaɗan ne. Ruwan sha lita biyu ga kowane mutum, abinci, tufafin canji, ledar da za a ƙulle waya a ciki, wata ledar ta kwashe shara, da tsabar kuɗi, tunda ana biyan kuɗin shiga kuma sabis yakan ɗauke. Takalmi shi ne babba: kambas mai ƙasan roba. Silifas da takalmin fata su suka fi kayar da mutane. Riga mai dogon hannu ma tana da amfani, saboda ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo da ke hayayyafa a ruwa mai gudu.

Da ka isa, ɗauki ɗan jagora cikin mutanen wurin, ku daidaita kuɗinsa tun kafin a fara sauka. Shi ya san inda gurbi yake. Wajen sauka a bi sahu ɗaya, hannu biyu a sake, jaka a goye. Dutsen da ya yi baƙi ko kore, gansakuka ce a kansa, santsinsa ya fi na sabulu. Taka busasshe kawai.

Kada ka yi iyo a gindin inda ruwan ke faɗowa, ko da kai gwani ne. Ruwan da ke dukan ƙasa yana juyawa ya koma baya, sai ya riƙe mutum a ƙarƙashi, ga kumfa ba ta ɗaukar nauyin jiki kamar ruwa zalla. Wani abin da ake mantawa shi ne ruwan sama na can nesa. Gari na iya zama wasai a Bonu alhali an sheƙa ruwa a kudancin Kaduna, inda kogin ya biyo. Idan ka ga ruwan ya fara yin ja, yana kawo ganye da itace, ko ƙararsa ta ƙaru, kwashi yara ku hau tudu nan take, a bar tabarma.

Kududdufan da suka kwanta tsakanin duwatsu da rani kuwa, a hana yara wanka a ciki, irin wannan ruwan ne ke kawo tsargiya.